Hayaƙin da Ya Rufe Perth

Litinin, 3 ga Afrilu

Yau ma ban ga gari ba. Na tsaya a saman tudun Greenmount kamar yadda doka ta ce, na zaga tirela, na taɓa tayoyi, na duba birki, na sa ƙaramar giya na fara gangarowa. A kwanar nan da itatuwa ke buɗewa, inda Perth kan fito gaba ɗayanta da benayenta tsaye cirko-cirko, babu komai sai fari-fari. Masu kula da daji sun fara ƙunar da suke yi duk shekara ke nan, wai don kada gobarar bazara ta sami abin ci. To, sun kyauta. Amma mutum ya taso tun daga Kalgoorlie, wuni guda yana kallon jar ƙasa da turakun waya, ɗan abin da zai gani ya san ya iso ma sai a hana shi.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Col ya kira ni ta oba-oba wajen Southern Cross. Tare muka fara tuƙi da shi tun muna da gashi a ka. "Merv, tsohon banza, har yanzu ba ka mutu ba?" Na ce ina jiran ya riga ni, in gaji tabaransa. Ya yi ta dariya har da tari. Daga nan layi ya ɗauke.

Shi ke nan maganar da na yi da ɗan Adam yau, in ban da yarinyar gidan mai da ta ce in sa kati.

Talata, 11 ga Afrilu

Hayaƙi dai.

Matata Glenys na tuna a kwanar. Lokacin hutun makaranta takan biyo ni da 'yarmu Tahnee, yarinyar a tsakiyarmu, ƙafafunta ba sa kai ƙasa. Dokarmu ita ce duk wanda ya fara hango benaye ya ce "Ga su can!" shi zai zaɓi abin da za a ci. Kullum ni ke fara gani, kujerata ta fi tsayi, amma sai in yi gum har Tahnee ta ƙwalla ihu. Glenys ta harare ni ta gefe, ta san komai. Haka muka yi shekaru muna cin kifi da soyayyen dankali.

Glenys ta rasu shekaru uku ke nan. Tahnee tana aiki a ɗaya daga cikin benayen, mai shuɗin gilashi. Ban taɓa gaya mata ba, amma duk gangarowa shi nake fara nema. In na gan shi sai in ce to, tana nan. Uwarta ce mai waya. Ni da ita in mun gama "lafiya lau" sai mu tsaya muna jin numfashin juna.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Bututun ruwan da ke bin gefen hanya ya lanƙwashe mini yau wajen Merredin, kamar macijin da aka taka. Na ƙifta ido ya miƙe. Kawalwalniya ce. Ko da yake yau ba a yi wani zafi ba.

Laraba, 19 ga Afrilu

Oga ya ce gwajin likita na shekara ya zo, ƙarshen Mayu. Na ce masa ni da nake hango kangaru tun bai yanke shawarar tsallakawa ba. Ya ce ya sani, ƙa'ida ce kawai.

Na kwana gida a Northam. Gidan na warin rufi. Madarar da ke firji ta zama wani abu daban. Gaskiya na fi son gadon bayan kujerar mota, can aƙalla akwai ƙarar wasu suna wucewa.

Talata, 25 ga Afrilu

Hutun tunawa da sojoji. Ban je fareti ba. Tahnee ta kira. "Baba, kana cin abinci kuwa?" Ina ci. "Yaushe za ka shigo gari mu gaisa?" Na ce ai kusan kullum ina wucewa ta kanki. Ta ce wucewa ba zuwa ba ne. Na ce hayaƙin nan bai dame ku ba? Ta ce, "Wane hayaƙi? Ai ya kwana biyu da washewa." A cikin ofis take wuni, ina za ta sani.

Talata, 2 ga Mayu

An kwana ana ruwa, na farko a bana. Da hantsi na iso Greenmount, kwalta na sheƙi, iska na ƙanshin ganyen turare. Col yana gabana da tirelarsa. Ina jin sa ta oba-oba yana shiga kwanar: "Kai! Merv, zo ka ga gari! Kamar an wanke shi da sabulu. Har teku nake hangowa, wallahi. Ga benen 'yarka can yana ƙyalli."

Na shiga kwanar. Itatuwan dama da hagu na gan su tas, kore shar, har da ɗigon ruwa. Tsakiya kuwa, inda garin yake, hayaƙin yana nan yadda na bar shi.

"Ka gani?" in ji Col.

Na ce na gani.

Laraba, 3 ga Mayu

Na wanke gilashin mota ciki da waje. Na sake wankewa.

Juma'a, 5 ga Mayu

Na rufe idon hagu na duba, na rufe na dama na duba. Ba na son rubuta abin da na gani.

In sun karɓe lasisin, ni wane ne? Wani tsoho a Northam da ke shayar da tumatir. Tun ina saurayi ban san wani abu ba sai hanyar nan. Tsoro nake ji, shi ke nan na faɗa.

Talata, 9 ga Mayu



Ina gangarowa Greenmount da injin haƙar ma'adinai a baya, kaya mai nauyin gaske. Ina ta zare ido ina neman garin. Ashe wata farar ƙaramar mota ta rage gudu a gabana za ta shiga kwana, daidai cikin hayaƙin nawa. Ban gan ta ba, na rantse ban gan ta ba, sai da ta fito ta gefen idona. Na taka birki, tirela ta yi kuka, tayoyi suka yi ƙauri. Tsakanina da ita bai kai tsawon hannu ba. Akwai kujerar jariri a baya. Matar ta ɗaga mini hannu, wai ita ce ke ba ni haƙuri.

Na kai kayan harabar kamfaninmu da ke Kewdale a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ajiye makulli a teburin oga. Ya ce lafiya? Na ce hayaƙi ne ya dame ni. Ya dube ni ya dube ni. A jirgin ƙasa na koma gida.

Asabar, 13 ga Mayu

Ba wanda ya kira. Ni ma ban kira ba.

Talata, 16 ga Mayu

Col munafuki ne. Shi ya gaya wa Tahnee. Da na tare shi a waya sai ya ce, "Eh, ni ne. Zo ka dake ni in za ka iya gano inda nake." Ɗan banza. Na yi dariya ban shirya ba.

Jiya ta zo da yamma ba sallama, ta zubar da madarar, ta buɗe tagogi. "Baba, tun yaushe?" Na ce tun da aka fara ƙunar daji. Ta ce, "Haba Baba." Ta juya tana wanke kofin da yake a wanke.

Yau ta kai ni wurin likitan ido na Northam, ya duba. Ya ce tsakiyar ganin ne ke lalacewa, gefe-gefe zai tsaya. Akwai allurar da ake yi a Perth, tana iya rage masa gudu, amma tirela kam an gama. Ya ce in ina son ganin abu, kada in kalle shi kai tsaye, in ɗan kau da fuska. Na ce to, ai haka na yi zaman aure. Bai yi dariya ba. Tahnee ta yi.

Rubutuna ya zama manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya.

Juma'a, 2 ga Yuni

Allurar farko. Tahnee ta zo ta ɗauke ni a 'yar motarta, mutum na zaune kamar a kan kwalta. Tuƙinta ba laifi, sai dai tana matse wa manyan motoci, na gaya mata. Ta ce fasinja ba ya magana.

A saman Greenmount ƙafata ta nemi birki da kanta. Ga tireloli jere a wurin tsayawa, wani yana zagawa yana taɓa tayoyi. Na sunkuyar da kai. Na yi niyyar rufe ido har mu wuce kwanar, me zan kalla.

Sai ta rage gudu. Ta ce, "Baba, ka tuna abin da likita ya ce? Juyo nan. Ni za ka kalla."

Na juya. Fuskarta ta shige cikin hayaƙin, sai gashinta da hannunta a kan sitiyari. Amma can ta wutsiyar idona, ga su. Ba tas ba, amma su ne, a tsaye, har da wani shuɗi-shuɗi a tsakiya. Ita ma ta gani, tun kafin ni ma, na ji yadda ta ja numfashi. Ta yi gum. Muna ta gangarowa, ta ƙi cewa komai.

Sai da na gane abin da take yi.

Na ce, "Ga su can."

Ta ce, "Kash, ka riga ni. Me za a ci?"

Kifi da dankali muka ci, a bakin kogi. Gishirin ya yi yawa. Ta ce ɗakin baƙinta babu kowa, ranar allura ta gaba in kwana. Na ce zan duba.

Na sa reza da buroshi a ƙaramar jaka. Don kada in manta ne kawai.