Shirin Baba Bai Buɗe Ba

Zuwa ga Baffa Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan kai da Anti Humaira kuna lafiya. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu ma lafiya lau. An fara dashen albasa a Watari, ƙafar Kaka kuma ta yi sauƙi.

Baffa, akwai abin da ban faɗa wa kowa a gida ba. Shirin da masu talabijin na ƙasar da kake suka ɗauka a gonarmu kafin rasuwar Baba, wanda ka turo a wayar Umma, ban gan shi ba. Da na danna sai fuskar wayar ta yi baƙi, wani rubutun Turanci ya fito. Na kai wa Malam Uwaisu na firamarenmu, ya ce ba laifin waya ba ne. Wai izinin nuna shirin a can kawai tashar take da shi, a Najeriya ba ya buɗewa. Na ce ai a gonarmu aka ɗauka, ni ce ma na kai musu ruwan sha. Ya ce haka dokarsu take.

Umma ta ce ba za ta iya kallo ba, Kaka kuma idonta ba ya gani, don haka ni suka jira. Da Kaka ta tambaye ni, sai na ji bakina ya ce na gani. Na ce Baba ya sa hularsa ruwan ƙasa, ya yi maganar tumatir, a ƙarshe ya ce a gaida mahaifiyarsa. Yanzu duk wanda ya shigo gida sai ta ba shi labarin gaisuwar nan.

Ban yi kuka ba. Kullum in na gama shara nakan danna, baƙin ya fito, in ajiye wayar in ɗora ruwa. Ba na jin komai.

Don Allah in ba a yarda ka turo muryarsa ba, ka rubuto mini abin da ya faɗa, kada ka gyara ko kalma ɗaya. Ka faɗa mini wace hula ya sa.

Umma da Kaka suna gaishe ku. A shafa mini kan ’yarku Sakinatu.

Tun ranar Talata na daina dannawa. Ranar da amsarka ta zo zan faɗa wa Kaka cewa ban gani ba, sannan in karanta mata, ko da babu gaisuwarta a ciki.

’Yarka,
Aina’u