Tsamiyar da Ke Cikin Ruwa

Mubi, 3 ga Afrilu

Ɗana Clinton,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Yola da zafi, yaya Rachael da yara?

Na rubuto ne don a waya katse ni kake yi. Ranar Juma'a mu matan zumunta na coci za mu hau dutse mu kafa tanti a bakin dam, kwana biyu. Su hutu za su je yi. Ni kuwa bana ruwa ya ja baya, har kan tsamiyar tsohon gidanmu ya fito, kuma a gindinta aka binne kakarka. Shekara talatin ban je kusa da ita ba. In damina ta sauka, ruwa zai sake rufe ta.

Ba izini nake nema ba. Uwa ba ta neman izinin wanda ta goya.

Mahaifiyarka,
Margret

Yola, 5 ga Afrilu

Mama,

Ina gaisuwa da ladabi. Duk muna lafiya.

Don Allah ki yi haƙuri. Ba ki iya iyo ba, ga ciwon gwiwa. Ki zauna a tanti, ki ci gasasshen kifi, ki yi waƙa da ƙawayenki. Na kira Bobboi mai kwalekwale, ya yi mini alkawari ba zai tuƙa ki ba. Kaka ba za ta yi fushi ba.

Ɗanki,
Clinton

Mubi, 10 ga Afrilu

Clinton,

Na gaishe ka, ko da yake ba ka kyauta ba. Ka zagaya bayan uwarka ka haɗa baki da baƙo. Wannan ba tarbiyyar gidana ba ce.

Bobboi ya cika alkawarinsa. Ya ce, "Mama, ni dai ba zan tuƙa ba." Na ce, "To sauka." Ya ɗaura mini rigar hana nutsewa, na karɓi filafili. Sau uku kwalekwalen ya juya da ni wuri ɗaya, mata suna ta ihu, "Margret, dawo!" A na huɗu ya miƙe.

Na kama reshen tsamiyar, na yi addu'a, na faɗa wa kakarka sunayen yaranka.

In rubutuna ya karkace, tafin hannuna ne ya ɗuri ruwa. Ga ɓawon tsamiyar a cikin ambulan, ka nuna wa yara. Baɗi in ruwa ya ja, kai za ka zauna a gaba, ni in tuƙa.

Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Margret