Garmahon da Zai Fito da Muryar Baba

Zuwa ga Yayata abin ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da gwiwar nan taki mai yawan ƙorafi. Mu ma lafiya lau, in ban da raina da yake a ɓace.

Ranar da Mama ta dawo wurina da zama, muna kwance kayanta muka tsinci faifan garmaho naɗe cikin tsohon zane, baƙi, mai nauyi kamar farantin tangaran. Ta ce a cikinsa Baba ya yi waƙa yana saurayi, kuma shi kaɗai ya rage. Tunda idonta ya tafi hotonsa bai da amfani gare ta, muryarsa take son ji. Na yi mata alkawarin zan samo garmahon da zai fito da ita.

Ban taɓa riƙe garmaho ba, amma ba a banza na tsufa a aikin laburare ba, sai na zauna na yi karatu. Yaya, masu wannan harka ba su da lafiya. Wani ya cika shafi goma a kan nauyin allura kawai. Wani ya rantse garmahon da bel ɗin roba ke juyawa ya fi, wani ya ce mai bel kayan wasan yara ne. Ga kuma mijin ƙanwarki, wato maigidana, da ya naɗa kansa Injiniya don ya taɓa kwance fanka. Wai in bar masa zaɓin. Na nuna masa fankar, tana nan bayan ƙofa gunduwa-gunduwa.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Barkono

Yayata,

Ina gaishe ki, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Kada ki tambayi lafiyata.

Na sayo. Injiniya ya so wani mai kama da akwatin tafiya, ni na zaɓi na katako mai sheƙi, wanda masana suka yaba. Mai shagon ya ce bai taɓa ganin mace mai ilimin garmaho kamata ba. Tun a nan ya kamata in tsargu.

Muka zaunar da Mama a falo, na ɗora faifan da bisimilla, na sauke allura. Abin da ya fito, Yaya, sai ki ce bijimi ne ya faɗa rijiya yana neman agaji. Mama ta tambaya wa ya shigo mana da dabba. Da na ɗauko tabarau na duba tsakiyar faifan, sai ga lamba 78, wato saurin da ya kamata ya juya. Garmahona 33 da 45 kaɗai ya sani. Duk shehunan nan masu auna allura, babu wanda ya tuna akwai tsofaffin fayafayai a duniya!

Kafin in rufe baki Injiniya ya kashe injin, ya sa yatsa yana juya faifan da kansa. Baba ya tashi daga bijimi ya koma kyanwa, ya sake komawa bijimi. Na make hannun da mafici. Faifai ɗaya tak, zai kankare mana uba da yatsa! Mama ta miƙe, ta lalubi bango ta koma ɗaki. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Mai shago ya ce ba a mayar da kaya. Zai sani.

Taki, Barkono

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Yau kam lafiyata ƙalau.

Kujera na ɗauka na zauna a bakin shagon, duk wanda ya zo sayayya in ba shi labari tun daga farko, har da kukan bijimin. Kafin azahar mutumin ya musanya mini da wani mummuna mai launin toka, amma ya san 78, kuma da allura mai kauri irin ta tsofaffin fayafayai.

Na ɗora. Aka yi ƙarar tsaki kamar ana suya, kiɗa ya taso daidai, mai daɗi. Sai murya ta shigo: siririya, a karkace, tana bin kiɗan a guje ba ta cim masa ba. Na miƙe a fusace zan cire, ina cewa wannan ma na banza ne. Sai Mama ta cafke hannuna. Ta ce in bari, shi ne, wallahi shi ne.

Ta yi dariya har hawaye suka jiƙa mayafinta. Ashe Baba bai taɓa iya waƙa ba. Mai ɗaukar wa wasu makaɗa kaya ne. Ranar yin faifan mawaƙinsu ya kwana da mura, su kuma sun riga sun kama ɗakin ɗaukar murya, sai suka sa shi ya yi waƙar. Ta ce da faifan nan ya zo neman aurenta, ita kuma ta ga mutumin da bai ji kunyar wannan ba, babu abin da zai gagare shi.

Yanzu kullum da safe sai an sa mata, Injiniya yana yin amshi. Irin faifan nan kuwa kowane juyi cinye shi yake, ni kuma ba zan hana ta ba. Don haka ki yi maza ki zo ki ji ubanki tun yana nan. Ki taho da audugar toshe kunne, tawa ta ƙare.

Mama tana sa miki albarka.
Ƙanwarki har kullum, Barkono