Abin da Inna ta ɓoye a ƙarƙashin gado

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya ƙafar nan taka, ta daina kumburi? Mu nan sai godiya.

Ka tambayi labarin rijiya. Tun da bututun kamfanin mai ya fashe a bayan lambu, ruwanmu bai koma daidai ba. In ka jawo guga, mai ne ke yawo a sama, ga wari. Shukar da Baba ya yi kafin ya rasu duk ta ƙone a tsaye.

Jiya wata lauya ta tara mu a shagon kafinta. Ta ce kada kowa ya dangwala hannu a takardar da bai gane ba. Mu ɗauki hoto, mu ɗebi ruwa a kwalba mu rubuta kwanan wata, mai tari ko ƙaiƙayi ya karɓo takardar likita. Abin da ta fi nanatawa shi ne kada a taɓa komai sai masu bincike sun zo ran Laraba. Gidan da suka ga shaida shi za a sa cikin waɗanda kamfani zai gyara wa ƙasa da rijiya. In ba mu shiga ba, dole Inna ta bar gidan nan, ka kuwa san ba za ta yi kwana uku a benenka ba.

Na yi mata bayani tsaf. Ta ce to.

Ka gaida kowa.
Taka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ka zauna kafin ka karanta.

Kuskurena ɗaya: na ce wa Inna baƙi za su zo. Ran Talata na tafi kai ɗinki, da niyyar in aro wayar kafinta in ɗauki hoton. Ina dawowa na tarar da gida tas! Ta kira masu yasa sun kwashe rijiya, ta goge bakinta da toka da sabulu, ta tuge matacciyar shukar, ta baza sabon yashi. Kwalabena ma ta juye ta wanke. Wai shekara arba'in baƙo bai taɓa iske ƙazanta a gidanta ba, ba yau za ta fara ba.

Masu bincike sun zo, sun yaba tsabta, sun rubuta ba su ga komai ba. Inna har da murmushi.

Wallahi na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ita kuwa sai kallon hannuwanta take, duk sun saɓule. Har yanzu kunya nake ji.

Ka sa mu a addu'a.
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Yau da sauƙin zuciya nake rubutu.

Ina shafa wa Inna magani a ɗakinta sai na ji warin nan. Na leƙa ƙarƙashin gado. Ka san Innarka, tsumma ba ya barin gidanta. Ashe kullum da safe tana tace ruwa da ƙyallayen ɗinkina, ta ninke su a kwano ta rufe, wai za su yi amfani wata rana. Ashirin da uku na ƙirga, baƙi ƙirin. Bayansu ga buhu, shukar Baba ce a ciki har da saiwa da ƙasa.

Lauya ta kai su gwaji tare da takardar likita kan hannuwan, ta nemi a sake bincike. Wannan karon na kulle tsintsiya da sabulu a shagona. Mai ya riga ya dawo rijiya. Da masu bincike suka iso Inna ta gudu maƙwabta don kunya, wai kada su ga fuskar mai gidan.

Mun shiga jerin gidajen da za a gyara, Yaya. Inna tana nan a gidanta.

Da na faɗa mata, ba ta tambayi yaushe za a fara gyara ba. Cewa ta yi in roƙi lauya, in sun gama da buhun su dawo mata da shi, don shi ne abu na ƙarshe da Baba ya shuka da hannunsa.

Na nemi gafararta, ta ce in kawo mata tsintsiyarta tukuna.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta