Ƴan huda huɗu a lokacin girbi

Khon Kaen, watan Nuwamba

Zuwa ga yayata Bualai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki, da fatan sanyin Norway bai taso miki da ciwon gwiwar nan ba. Jiya na kai wa sufayen haikali shinkafa da sunanki, suka yi miki addu'ar tsawon rai. Mutanen ƙauye lafiya lau. Shinkafa ta yi kyau bana, ƙaninmu Thongdi da iyalinsa suna gona tun asuba. Inna Samli ta ƙara kurumcewa, amma bakinta na nan.

Yaya, ciwon dajin hanyar matsarmamar nan ya dawo. Hoto ya nuna ƙulli guda a ragowar hantata, kuma likita ta ce zai ciru. Wannan karon ba za a tsaga ni kamar bara waccan ba. Huda huɗu za su yi, su zura kyamara da siraran kayan aiki. Sai dai ta gaya mini gaskiya: aikin farko ya bar tabo a ciki, hanji ya manne da hanta, saboda haka na biyu ya fi wuya. Idan jini ya ɓalle, dole su buɗe cikin gaba ɗaya.

Da na je ƙauye na ba su labari yadda na saba rubuta shi a jarida, dalla-dalla. Abin da ya shiga kunnensu kawai shi ne ƴan huda. Thongdi ya tuntsire da dariya, ya ce ai ko ƙahon baunar da yake noma da ita ya fi haka ɓarna, wai ɗan boko ya samu aikin gata. Inna Samli ta ce tunda ba yanka ba ne, in daure in ɗanɗana ɗanyen kifin da ta kwaɓa, wanda tsutsarsa ce ta kai ni nan. Ban yi fushi ba. Wancan karon sun ga ɗinki daga ƙirji zuwa haƙarƙari, shi ya sa suka cika barandar asibiti da tabarmi da kwandunan shinkafa, dattawa suka ɗaɗɗaura mini farin zare a hannu don kada kurwata ta yi nisa. Yanzu babu abin da ido zai gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tun rasuwar matata Wilai ni kaɗai nake cin abinci a gidan nan, na kuma saba. Amma ranar Litinin ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni wa likita za ta nema a baranda idan ta fito, domin idan aka sauya shawara ina cikin barci, dole a samu ɗan'uwa a tsaye. Na ce zan kawo suna. Aikin kuwa ranar Alhamis ta sama ne.

Kin san ba a kiran mutum daga gona shinkafa na zubewa. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Ke kuwa tun muna yara, idan kika ɗaga murya Thongdi ajiye lauje yake yi. Ban ce ki taso ba, hanya ta yi nisa. Ki kira shi kawai, ki gaya masa hudar ce ƙarama, ba aikin ba, ya zo ya tsaya mini a barandar asibiti.

Ki gaida maigidanki Arne, da ƴarki Malai da jaririnta. Idan kin samu Thongdi, kada ki ce ni na roƙa. Ki ce ke ce kika yi faɗa.

Ƙaninki,
Khamdi