Inda Iska Ke Zuwa Idan Ta Kwanta

Daura,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Autana Yazid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na Zariya. Yaya tarin nan naka? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar da ka sani. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun da bai riƙe fensir ba sai da ya goyi jikoki ba ya bin layi. Na ƙi kiranka a waya ne don in na ji muryarka maganar guduwa take yi.

Saƙonka ya iso, cewa wata jami'a a Jamus ta ɗauke ka aikin bincike na shekara biyu, kuma ba za ka amsa musu ba sai na yarda. Ni na ɗauka in mutum ya zama dakta karatu ya ƙare, ashe akwai wani a bayansa.

Ba wannan ne ya tayar min da hankali ba. Ranar sunan ɗan yayarka Firdausi mata suka tambaye ni me za ka je yi, na ce binciken iskokin sama. Kafin la'asar Kawunka Sada ya zo har ƙofata, wai yanzu da shari'a ta zo har 'yan bori sun rataye garaya, shi ne ɗanmu zai haye ruwa neman iskoki. Na kare ka a gabansa, amma da ya fita maganarsa ta tsaya min a rai. Auta, don Allah wace iska ce? Ban ce e ba tukuna.

Mahaifiyarka,
Laraba.

Daura,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata tarin ya sake ka. Amsarka ta zo, na yi dariya har Firdausi ta leƙo. Ashe iskar Allah ce mai kaɗawa, wadda ke can tsakiyar sarari, sama da gajimare, sama da inda jirgi ke bi. Ka ce tana juyawa, wani lokaci gabas wani lokaci yamma, kuma kuna son gane yadda take taɓa yanayin da muke ciki a ƙasa. Na karanta wa Kawunka da kaina. Ya ce shi dama ya sani.

Tun ranar nake tuna gonarmu ta Baure, lokacin babanka yana da rai. In an gama sussuka mukan tsaya da ƙwaryar gero sama da kai, muna jiran iska don mu yi shiƙa. Kai kuwa kana gefe, ƙaiƙayi ya cika maka gashi, kana susa kana kallon sama. Wata rana iska ta ɗauke, ka ja zanena ka tambaye ni ina take zuwa idan ta kwanta. Na gaji, don ka ƙyale ni na ce sama take hawa. Ka ce in ka girma za ka bi ta. Muka yi ta dariya, babanka har da riƙe ciki. Ashe ni na aike ka.

Ba zan ɓoye maka ba, ko da na ji maganar Kawunka wani sashe na zuciyata murna ya yi, don na samu dalilin hana ka. Yanzu dalilin ya faɗi, saura tsorona kawai. Kai kaɗai ka rage mai shigowa ya zauna a bakin gadona ba tare da gaggawa ba, kuma shekara biyu a wurin tsohuwa ba kaɗan ba ce. Amma ba zan ɗaure ka da tsoro ba.

Ka amsa musu. Na yarda, Allah ya yi maka albarka. Ka nemi rigar sanyi mai kauri saboda ƙirjinka, ka riƙe sallarka, ka biyo ta gida kafin ka tashi.

Bana ma zan je Baure shiƙa, ko a zaune ne. In iska ta ɗauke ba zan yi mata faɗa ba, na san wurin wa ta tafi.

Mahaifiyarka mai yi maka addu'a,
Laraba.