Giya Ta Biyu Har Kano

Tsanyawa

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya su Luba da yara?

Ƙugun Baba bai warke ba tun faɗowarsa daga rumbu, likita kuma ya ce a riƙa kawo shi Kano. Amininsa Baba Ɗanliti ke kai mu a tsohuwar motarsa. Duk sanda ya taka kuloci ya canja giya sai motar ta fizga, Baba ya cije leɓe, gumi ya karyo masa. Hannuna kawai yake damƙewa. Na gaji, Yaya. An ce motar maigidanka da kanta take canja giya. Ka roƙa mana aronta.

Ƙanwarka,
Sauda

Bacirawa

Sauda,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya.

Gaskiya ne, otomatik ce, ko kofin shayi aka ɗora a ciki ba ya zuba. Sai dai Alhaji ya ajiye ta tun da fetur ya yi tsada. Na yi ta sintiri a ƙofarsa har kunya ta kama ni, jiya dai ya yarda. Zan zo ranar Talata.

Yayanki,
Uwaisu

Tsanyawa

Yaya,

Bayan gaisuwa, ka yi haƙuri da saƙon da na aiko cewa kada ka zo. A gaban Baba Ɗanliti na faɗi zancen motar. Ya tashi bai ƙarasa furarsa ba. Baba ya dube ni ya ce, "Shi ya ɗauke ni ranar da na faɗi. Ba zan sauka daga motarsa don ta tsufa ba."

Talata Baba Ɗanliti ya zo. Da muka hau titi ya sa giya ta biyu, bai sake taɓa ta ba har Kano. 'Yan bas suna ta hon suna zaginsa, injin yana kuka, muna tsayawa ana zuba masa ruwa. Mun isa likita ya tashi.

Amma Baba ya yi barci a hanya. Rabonsa da barci irin wannan tun kafin ya faɗi.

Sauda

Bacirawa

Sauda,

Na mayar wa Alhaji mukullinsa. Likitan yana nan ranar Alhamis. Ku taso da asuba, ni zan kama muku layi, kada Baba Ɗanliti ya yi sauri.

Ki gaishe min da shi.

Uwaisu